Kwat ɗin Halliru

In ka biyo hanyar Kano ka iso bakin tashar Wudil, za ka ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin wata lori. Na yayana ne, Halliru makaniki. Ni Hansai ce, ƙanwarsa, kuma wallahi duk ranar da na wuce wurin sai raina ya ɓaci.

Tun yana ƙarami ba abin da ya tsira daga hannunsa. Fitilar Inna ma sai da ya kwance ta ya mayar. A 1957 ya gama sakandare, aka ba shi gurbin karatun injiniya har wuri biyu: Zariya, ko wata jami'a a Ingila. Shugaban makarantarsu ya ce ya zaɓi ɗaya, amma sai da yardar mahaifi. Ransa na Ingila, don can ake ƙera injinan da yake son sani ciki da bai.

To ga inda aka kwafsa. Halliru ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". Ranar da ya durƙusa a zaure ya zayyana komai, Baba ya kawar da kai, ya ci gaba da tufkar igiya.

"Je ka wurin baffanka," abin da ya ce ke nan.

Baffa Gwadabe, ƙanin Baba, ya karkaɗe riga. "Ubanka na raye, ni wa? Koma gare shi."

Inna kuwa da an ɗauko zancen sai ta shige madafi, ita ma wai kunyar ɗan fari. Kai jama'a! Manya uku a gida guda, aka rasa mai buɗe baki. Halliru ya ɗauka shirun nan hani ne, ya kasa sake tambaya. Yana ta jira har aka ba wani gurbin Zariya. Jirgin ruwan Ingila ma ya tashi ba shi.

Bayan kaka, Baba ya kira ni, ya tambaye ni a hankali, "Wai yaushe yaron nan zai tafi ne?"

Na ce, "Tafiya ina, Baba? Ai an gama tun tuni!"

Baba ya miƙe. Sannan ya jawo wani ƙunshi daga bayan buhunan gero. Kwat ce mai kauri, ya sa tela a Kano ya ɗinka, don ya ji ana cewa sanyin Ingila na kisa. A wurinsa, tunda bai hana ba ai ya yarda.

Ranar na manta da ladabi. Na ce, "Kalma ɗaya, Baba! 'Tafi' kawai!" Ya miƙo min kwat ɗin, ya ce in kai wa yaron nan.

Halliru ya karɓa da hannu biyu, ya ce in yi wa Baba godiya. Ita yake shimfiɗawa a ƙasa in zai shiga ƙarƙashin mota.