Gyaran da Yaya Ya Yi wa Agogon Baba

Ranar rabon gadon Baba a gidanmu na Azare, ni da bakina na ce a ba ni agogonsa. Masu ƙiyasta kaya sun juya shi gaba da baya, suka taɓe baki, suka ajiye shi cikin tarkace tare da buta da tsohuwar fitila. Yayana, babban ɗan Baba, har da dariya. Wai me mace za ta yi da agogon maza, agogon ma da sai ya ga dama yake tafiya. Na ce a dai ba ni.

Agogon murɗawa ne, ba ya amfani da batir. Baba ya saye shi tun yana awon gyaɗa a Katagum, kafin ya auri Inna. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna a bakin gado ya murza ɗan kan nan da yatsu biyu, ya kara shi a kunne, sannan ya ɗaura. Fatar ɗaurin agogon ta yi baƙi ƙirin da gumi, fuskarsa ta koma ruwan ƙasa. A haka nake son sa.

Da tsayawarsa ta yi yawa sai na kai wa wani tsohon mai gyara a kusa da tasha. Ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya buɗe bayan agogon, ya kira ni in leƙa. Ban taɓa ganin cikinsa ba sai ranar: ƙananan ƙafafu masu haƙora suna cizon juna, da wasu jajayen duwatsu kamar ƙwayar gero. Ya ce an daina ƙera irinsa tun tuni, kuma duk darajarsa tana cikin injin nan. Lafiyarsa lau, wanki da mai kawai yake so. Sai dai shi zai tafi Bulkachuwa girbi, in dawo masa da shi bayan kaka.

Na bar agogon a ɗakin Inna, cikin kwalla, don gidana yara ba sa barin komai.

A nan Yaya ya gan shi. Yaya mutum ne da ba ya iya ganin abu a zaune lafiya sai ya sa masa hannu, ya kuma jira a yabe shi. Shi ne ya taɓa sare dalbejiyar tsakar gida wai tana zubar da ganye, muka shekara muna gasuwa. Bai tambaye ni ba, bai kira ni ba. Ya sa agogon a aljihu ya yi kasuwa.

Ranar Juma'a na je gaida Inna, na tarar da shi ya harɗe a kan kujera, matarsa na gefe. Ya miƙo min wani abu a leda yana murmushi, na buɗe sai ga agogon. An goge ƙarfen yana ta walƙiya. An cire fatar an sa sarƙa mai ruwan gwal. An sake fuskar, fara sol. Siririn hannun da a da yake tafiya sumul yanzu tsalle yake yi ɗaya-ɗaya. Na kara a kunne, ban ji muryar da na sani ba.

"Yaya, ina injin?"

"Wane inji? Wannan ruɓaɓɓen? An sa miki na batir, kin huta da murɗe-murɗe."

Da ƙanena ne da sai na kwaɗa masa mari. Inna kuwa, wadda ba ta faɗin sunansa don ɗan fari ne, cewa ta yi, "Ke, ba za ki yi wa yayanku godiya ba? Daga aljihunsa fa ya yi." Matarsa ta ce ai ita ma sai da ta taya ni godiya tun jiya. An shiga ɗakin uwata an ɗauki gadona an farke masa ciki, kuma ni ce mai bashin na gode. Na ɗauki mayafina na fita.

Sai da na bi ta wajen abokin Yaya kafin na gano rumfar da ya kai agogon. Mai sayar da agogunan roba da batir ne a bakin kasuwa, gyara ba sana'arsa ba ce. Na ajiye masa agogon, na ce abin da ya ciro nake so.

"Hajiya, ai aiki ya yi kyau. Alhajin da ya kawo shi ma ya yaba."

"Ban tambaye ka kyau ba. Ina abin da ka cire?"

Fatar dai ya ce ya jefar, an share. Tsohuwar fuskar ta karye wajen cirewa. Ya duƙa ƙarƙashin tebur ya jawo gwangwanin madara, ya zazzage a gabana. Injinan agogo ne fal, na mutane daban-daban da ya yi wa irin wannan aika-aika, wasu sun yi tsatsa, wasu an zare musu ƙafafu. Ya ce in duba nawa in ɗauka, kyauta.

Na tsaya a rana ina tona su da yatsa. Kusan kowanne da jajayen duwatsunsa. Sau ɗaya tak na ga cikin agogon Baba, shi ma leƙe ne. Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan. Na tambaye shi ko zai gane wanda ya ciro, ya ɗaga kafaɗa ya ce duk ɗaya ne, ya juya ga wani mai sayen batir. Hawaye ya zo min, na haushi, ba na tausayin kai ba. Na tattara su duka na mayar cikin gwangwanin, na ce da shi zan tafi. Bai ko musa ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Gwaggo ta kira ta ce Yaya ya yi fushi, yana cewa na raina shi a gaban iyalinsa. Inna ta aiko in zo in ba shi haƙuri in yi godiyar da ban yi ba, magana ta wuce. Ba na ƙin kiran Inna, sai na je.

Yana zaune a kujerar dai, ya haɗe rai, yana jira. Na durƙusa kamar yadda ƙanwa take durƙusa wa yayanta. Na gaishe shi. Sannan na buɗe gwangwanin na juye shi a kan darduma, daidai ƙafarsa.

"Mene ne wannan kuma?" in ji shi.

Na ce, "Yaya, na Baba yana ciki. Tsamo min shi, in yi maka godiya."

Ya sunkuya ya dube su, ya daɗe yana dubawa. Inna ma ta leƙo daga kan gado. Babu wanda ya miƙa hannu.