Wurin da Kaka Take Rufe Baki

Ni tun ina ƙarama ba na son a fara abu a bar shi a rataye. Shi ya sa na fi kowa faɗa da Kaka a gidanmu na Matankari, zamanin da kumandan Nasara yake zaune a Dogon Dutsi. In an gama cin tuwo, garwashi yana nan ja a murhu, sai mu kewaye ta. Ta kife ƙwarya a gabanta, ta ƙwanƙwasa, ta ce tatsuniya tana bakin ƙofa. Mu ce ta shigo.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta mai goge da doguwa. Wai wani mai goge ne da ba shi da waƙar kansa, sai ta mutane. Wata rana yana gyaran gogensa a gindin gawo, sai doguwa, iskar da ke zaune a itacen, ta koya masa waƙa. Sharaɗinta ɗaya ne: baitin ƙarshe nata ne, in ya iso nan ya rufe baki, ita za ta ƙarasa. Ya yi suna, mutane suna zuwa daga nesa su ji ko yau zai faɗi baitin. Har ya tsufa bai faɗa ba.

Kaka tana rera waƙar a cikin tatsuniyar. In ta iso wurin sai ta haɗe leɓe, muryar ta koma ta hanci, yatsunta suna ci gaba a kan ƙwarya.

"To me doguwar ta ce?"

"Tahi ki tambaye ta. Gawo yana nan bayan gari."

"Ke dai kin manta ne, tsohuwa."

"Na manta, uwar gaggawa. Matsa, kin tare mana wuta."

Babu dabarar da ban yi ba. Na kai mata goro. Na laɓe bayan ɗaki tana kaɗi, ko za ta faɗa ita kaɗai. Har gawon na je da rana tsaka, na zauna, tururuwa suka kore ni.

Kawuna Isa mushe ne, wato malamin boko, yana koyarwa a lakwal, makarantar Dogon Dutsi, kuma ya iya rubuta muryar waƙa irin ta Nasara, layi-layi da ɗige-ɗige. Ya daɗe yana tara waƙoƙin Arewa. Da na dawo daga kwaleji a Yamai, ni na buga masa littafin a keken rubutu, muka aika wa maɗaba'ar wata jami'a a Faransa. Ashe can ba a buga littafin ilimi haka kawai. Sai sun ba wasu masana sun duba, ba sa ma faɗa maka sunansu. Muka yi ta jira har na gaji da zuwa gidan waya.

Amsa ta zo sun karɓa, amma ɗaya daga cikin masanan ya ce waƙar mai goge ba ta cika ba. A cika ta ko a cire ta.

Kawu ya ce, "Mu cire ta, Hadiza. Ba za mu rasa littafi don waƙa ɗaya ba."

Na ce sam. Waƙar Kaka ce, kuma ita na fi so a duk littafin. A raina kuwa daɗi na ji, don na samu hujjar da Kaka ba za ta iya kauce mata ba.

Na tarar da ita tana tsince wake a inuwa. Na zayyana mata komai. Ta yi dariya har da tari.

"Ashe har Faransa akwai irinki?"

"Kaka, in ba ki faɗa ba za su cire ta."

Ta ajiye faifan. "Ban san shi ba, ɗiyata. Kakata ma da hanci ta yi mani shi, kuma hwaɗan da kike mani shi na yi mata."

"To akwai baitin, ko babu?"

"Akwai mana. Ba ki ji tsawonsa ba?"

Duk hanyar komawa ina juya wannan magana. Na ce wa Kawu ya rubuta muryar nan ta hanci yadda take, ya bar ƙasanta babu kalma, mu yi bayani a gindin shafi. Maɗaba'a ta so ta sa alamar cewa wani abu ya ɓace. Na sa Kawu ya amsa musu cewa babu abin da ya ɓace, barin sa aka yi wa mai shi. An yi ta kai da kawowa, ƙarshe suka yarda.

Da littafin ya iso na kai wa Kaka. Ba ta karatu, sai ta shafa takardar ta ce, "Ina wurin doguwa?" Na ɗora yatsanta a kan farin wurin.

"To, sun bar mata. Suna da ladabi."

Har yau ina son sanin baitin nan, ban daina ba. Sai dai yanzu na gane ba a rage mini komai ba, duk abin da aka ba Kaka shi ta ba ni. In na rera wa ƙannena waƙar, na iso wurin, ni ma baki nake rufewa.