Ƙofar da Ke Ƙara da Rani

Duk sanda rani ya kama, in na ja ƙofar kabad ɗina sai ta yi ƙwas-ƙwas, ni kuma sai kewar Baba ta taso min sabuwa.

Kafinta ne, a zauren gidanmu na Daura yake aiki. Ina 'yar firamare, wajajen lokacin da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu, ya kawo katakon maɗaci daga Mashi ya jera a lungu, ya sa ƙananan itace tsakaninsu don iska ta riƙa ratsawa. Ya ce, “Uwata, ƙofofin kabad ɗin aurenki ke nan.” Dariya na yi, ni da ko kallabi ban iya ɗaurawa ba. Amma ban ƙara bari ko akuya ta raɓi lungun ba.

A lokacin ne yanar ido ta fara rufe masa gani. Inna ta tayar da hankali.

“Malam, ka yanka katakon nan tun kana gani mana.”

“Ɗanye ne. In na yanka yanzu, damina ɗaya zai karkace.”

Wallahi taurin kan Baba sai shi. Damina ta zo, zaure ya cika da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya juya katakon. Zafi ya zo, ya sake juyawa. Idon kuwa kullum baya yake yi. Na sha tarar da shi yana laluben zarto, ga shi a gabansa.

Da katakon ya bushe yadda yake so, inuwa kawai yake gani. Ya ƙi bai wa kowa aikin. Da yatsu ya auna, da tafin hannu ya bi kowane gefe. Ya haɗa firam, ya yi masa kwarmi ta ciki, ya zura allon tsakiya, babu gam babu ƙusa. Na girgiza ƙofar na ce, “Baba, ai tana motsi.”

“Wuri na bar mata. Da damina za ta kumbura, da rani ta tsuke. In kika matse ta, murɗewa za ta yi.”

Ya shafa ta tun daga sama har ƙasa, sannan ya ce, “Ta yi kyau?” Na ce ta yi. Bai taɓa ganinta ba, bai kuma ga ranar da aka jera ta a ɗakina ba. Allah Ya jiƙansa.

Yanzu kabad na garin katako ake yayi, mai sheƙi, damina kaɗan ƙofa ta saki baki. Tawa har yau tana rufuwa ruf. Jiya babban ɗana ya shigo da guduma, wai ƙarar ta dame shi, ƙusa ɗaya zai buga ta yi shiru.

Na karɓe gudumar. Ni da nake ƙosawa damina ta wuce don in sake jin ta.