Yadda Muka Sauke Baba Helma

Shekarun baya, can wajen tsakiyar shekarun tamanin, ina koyar da Tarihi da Turanci a wata sakandare a nan Minna, aka naɗa ni sakataren ƙungiyar unguwarmu a Tudun Wada. Na so a ce don hazaƙata aka zaɓe ni, amma gaskiyar magana ni kaɗai ke da tafireta a layinmu. Tsohuwa ce, wani harafinta yana tsalle sama da saura kamar ɗalibin da ya san amsa, amma tana aiki. Da ita na sauke abokin mahaifina daga kujerar da ya fi shekara ashirin a kanta.

Baba Helma muke ce masa, domin shi ne helman leburorin da ke gyaran layin dogo ta wajen Gwada har ya yi ritaya. Shi da leburori huɗu, ciki har da marigayi mahaifina, suka kafa ƙungiyar tun Minna ba ta zama babban birnin jiha ba. Su ba su ma kira ta ƙungiya ba. Garin baƙi ne, jirgi yakan sauke mutum ya zauna shekara da shekaru, ranar da ya cika a rasa danginsa. Sai suka haɗa diga biyu, shebur uku da makara, suka ce duk wanda ya rasu a unguwar nan ba zai rasa masu rufe shi ba. Gab da damina kuma a yi gayya a yashe kwatoci. Aikin ke nan.

A layin dogo akwai wani aiki da ake yi: mutum ya bi layin da ƙafa yana ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma, kunnensa ya gaya masa inda ya saki. Da Baba ya bar aiki sai ya kai wannan ɗabi'a maƙabarta. Kowace Juma'a da hantsi zai ɗauki wata sandar ƙarfe ya zaga ta kusurwa-kusurwa yana caka ƙasa. Kun san ƙasarmu, dutse ne ya yafa ɗan mayafi. Ba a sa alama a kabari, damina uku ta isa ta shafe tudunsa. Don haka idan aka yi rasuwa ba wanda ke tambayar inda za a haƙa. Baba zai shiga ya kafa sandarsa, nan ne wurin. Ya san inda dutse yake, ya san inda mutum yake, kuma duk a kansa yake ajiye da su.

Da aka kawo hedikwatar jiha, ma'aikata suka cika unguwar, maƙabarta kuma ta soma cika. Muka nemi gwamnati ta ƙara mana fili, aka ce sai ƙungiya mai rajista ake saurara. Na je na karɓo fom. A shafi na biyu akwai gurbin shugabanni: suna, muƙami, sana'a, zurfin ilimi.

Abokina, akanta a wani banki, ya ɗora yatsa a kan gurbin ya ce, "Malam, dubi nan. Ka rubuta shugaba, a gabansa ka rubuta lebura mai ritaya, a gaba kuma ka ja layi. Wane darakta ne zai ɗauki wannan fayil da hannu biyu?"

Na ce ai Baba ya sauke Alƙur'ani tun kafin a haife mu.

Ya ce, "Ka ga gurbinsa a fom ɗin?"

Na duba, ban gani ba.

Aka kira taro ranar da muka san Baba ya tafi taron suna a Chanchaga. Cikin awa ɗaya muka haifi sabon kwamiti, kuma wallahi a takarda ya yi kyau. Shugaba tsohon magatakardan kotu, mutumin da ko gaisuwa sai ya tabbatar an bi ƙa'ida kafin ya amsa. Mataimakinsa injiniya, wanda ba ya iya ganin fili bai ja masa layi ba. Ma'aji abokina akanta. Mai kula da jin daɗin jama'a wani malamin asibiti, Kirista daga kudancin Kaduna da ya daɗe a cikinmu. Sai ni sakatare. Baba kuwa aka ƙirƙiro masa muƙamin Uban Ƙungiya, babu ƙuri'a, babu layi a fom.

Malamin asibitin nan kaɗai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ni ban yarda ba. Lokacin da matana ya rasu, wannan tsoho ne ya tsaya a tasha tun safe har aka sa akwatin a jirgin Kafanchan. Bai tambaye ni takardan makaranta ba. Ku ba shi kujeran shi, mu mu yi masa rubutu."

Magatakarda ya ce an ji, an gode, masu rinjaye sun rinjaya. Ni ban ɗaga hannu a ko wane ɓangare ba, na sunkuyar da kai ina rubutu kamar alƙalami ne ya riƙe ni. Da na zo buga bayanin taro a tafireta sai na rubuta cewa an amince baki ɗaya, saboda jimlar ta fi tsabta. Malamin Tarihi ke nan.

Da yake ni ne ɗan abokinsa, ni aka tura in sanar da shi. Na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin mangwaro yana sa wa diga sabuwar ƙota. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye a kan ci gaban zamani da buƙatar tsari. Ya bar ni na gaji don kaina.

"Ticha, karanto min sunayen."

Na karanta, kowa da sana'arsa.

"Madalla. Mai kotu, mai zane, mai banki, mai allura, da mai alli. Allah ya yi albarka. Ni fa?"

"Baba, kai ne Uban Ƙungiya."

"Uba na aiki ko na gaisuwar salla?"

Ya yi ɗan murmushi, ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ɗakin da ake ajiye makara da kayan haƙa, ya miƙo min.

"In dai zai sa a ba ku fili, ai ba komai. Mahaifinka ma ya sha ce min zamanin 'yan boko na zuwa, mu matsa musu. Ungo. Ƙotar nan sabuwa ce, a jiƙa ta kafin a yi aiki da ita."

Na karɓa da hannu biyu, na tafi ina gaya wa kaina cewa ya fahimta. Mahaifiyata da ta ji labari ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Kai aka aika, kai kuma ka je?"

Rajista ta fito cikin wata huɗu, muka sa ta a gilashi. Filin kuwa fayil ɗinsa ya shiga tafiya daga tebur zuwa tebur. Kafin ya iso, injiniya ya ce a yi tattalin wanda ke hannu. Ya kawo igiyar awo, ya zana taswirar maƙabarta a babbar takarda, ya raba ta gida-gida da lambobi. Duk inda ya ga tudu ya sa alamar kabari, duk inda ƙasa ta kwanta ya rubuta fili. Malamin asibiti ya ce a kira Baba ya duba zanen. Magatakarda ya ce a sa cikin ajandar taro na gaba. Aka sa, taron ya ƙare a kan launin hatimin ƙungiya. Baba dai bai daina zagayensa na Juma'a ba, sai dai yanzu ba ya kafa sanda, domin ba wanda ya tambaye shi, shi kuma ba mai cusa kai ba ne.

Wata Talata da safe wani mai wankin hula ya rasu, baƙo ne marar kowa, irin waɗanda aka kafa ƙungiyar dominsu. Muka buɗe taswira. A gindin wani dutse ta gabas akwai wuri shimfiɗaɗɗe mai taushi, har injiniya yana mamakin yadda aka bar shi shekara da shekaru ba a taɓa ba. Ya ce wannan shi ne illar aiki da ka. Na gyaɗa kai.

Masu haƙa suka fara. Ba su kai gwiwa ba digar ta bugi wani abu da ba dutse ba. Mai haƙar ya tsaya, ya sa hannu ya share ƙasa, sai ga fasassun tukwane a jere, irin waɗanda ake rufe kabari da su a zamanin da. Ɗaya ta rufta ciki. Ya leƙa, ya yi salati a hankali, ya fito daga ramin ya zauna a ƙasa.

Muka tsaya cirko-cirko, mu biyar da takardunmu. Ni na hau keke na tafi kiran Baba.

Bai tambaye ni komai a hanya ba sai abu ɗaya: "Ta wane gefe?" Na ce gindin dutsen gabas. Da muka isa ya ajiye sandarsa, ya tuɓe takalmi, ya tattare riga ya sauka ramin da kansa, mutumin da ya haura saba'in. Wani ya miƙa hannu zai taimaka, Baba ya ce, "Bari. Ƙarama ce, ba ta son hannu da yawa." Ya mayar da tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ya cike inda ya rufta da wani falalen dutse, ya kwaɓa ƙasa ya liƙe. Sannan ya fito, ya yi addu'a, ya ɗauki sandarsa ya taka kamar taku talatin zuwa arewa ya kafa ta.

"Nan za ku sa baƙonku. Akwai dutse ta kai, ku karkata kaɗan."

Ya tsaya har aka rufe mai wankin hula, ya yi wa kowa sannu da aiki, ya tafi gida.

Da na ba mahaifiyata labari sai ta ajiye abin da take yi. Ta ce, "Gindin dutse? 'Yarsa ce ta fari. Ƙyanda ta ɗauke ta tana shekara huɗu, kai ko yaye ka ba a yi ba. Mahaifinka ne ya riƙe masa shebur."

Na ce to me ya hana shi faɗa, da an sa alama?

Ta dube ni kamar ba ita ta haife ni ba. "'Yar fari? Yaron nan, duk karatunka? Ko tana raye ai ba zai kama sunanta ba, balle ya tsaya gaban taro ya ce ga inda take. Tsare wurin da yake yi, shi ne faɗarsa."

Washegari na je na durƙusa a gaban Baba da makullin. Ya ƙi karɓa. Ya ce, "Ticha, ba ku sani ba ne, wanda bai sani ba kuwa ba a riƙe shi." Na ce zan sa a mayar masa da kujerarsa. Ya ce, "Kujera taku ce, ga ta can a gilashi. Ka dai riƙa zuwa ranar Juma'a da takardarka, in nuna maka inda ba a taɓawa."

Na kai maganar mayar da shi gaban kwamiti. Magatakarda, da idonsa ya yi ja don shi ma abin ya taɓa shi, ya ce sai an gyara tsarin mulkin ƙungiya, gyaran kuma sai da kashi biyu cikin uku na 'yan ƙungiya. Ni na rubuta wannan sharaɗin da hannuna, har ina alfahari da shi. Muka kira taro sau biyu mutane ba su cika ba. Tsofaffin unguwa sun daina zuwa tun ranar da aka sauke Baba, kuma da su ake cika lissafin.

Juma'a bakwai muka yi ni da shi, yana caka ƙasa yana faɗa, ina rubutawa. Wannan direban jirgi ne, wannan mai tuwo ce daga Bida, nan mutum biyu ne, nan dutse ne kada ku wahalar da kanku. Ko sau ɗaya bai bi ta gindin dutsen gabas da ni ba. Ba mu ci rabin maƙabartar ba ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Malamin asibiti ya yi ta zarya da allura, amma kwana ya ƙare. Ya rasu saura kwana tara taro na uku, yana Uban Ƙungiya, ba ƙuri'a.

Ranar jana'izarsa unguwa ta fito kaf. Ina tsaye a sahu, wata muguwar ɗabi'ar sakatare ta sa na ƙirga kawuna, na ga sun ninka abin da tsarin mulki ke nema. Da aka zo wurin haƙa kowa ya juyo ya dube ni, don ni ke riƙe da takarda. Na kai su cikin ɓangaren da ya riga ya nuna min, inda na tabbata babu kowa. Na so in kai shi kusa da 'yarsa, amma ban san ko akwai wani a gefenta ba, wanda zan tambaya kuwa ga shi a makara.

Na ci gaba da koyarwa har na yi ritaya, na zauna a kwamitoci da dama, wasu ma da farfesoshi. Ban raina ilimin kowa ba, filin ma daga baya ya fito, kuma rajistar ce ta fito da shi. Amma har yau idan aka miƙo min jerin shugabanni, kowa da sana'arsa a gaban sunansa, nakan tambayi wane ne aka cire don jerin ya yi kyau, kuma wa aka aika ya gaya masa. Rabin maƙabartar da ba mu kai ba, mun kewaye shi da waya tun wannan shekarar. Ba wanda ya sake sa diga a ciki.