Baƙon da ya kwana biyu a gidanmu

Shekarun baya, ana tsakiyar yankan riɗi, wani saurayi ya iso garinmu Gadarif, a Sudan, a kan keke. Daga ƙasar Hausa ya taso, niyyarsa ya kai bakin teku ya tsallaka Makka. A suk, wato kasuwa, na same shi yana fama da mai faci, shi ba Larabci, mai facin ba Hausa. Da na ce masa "Sannu da hanya," sai ya cafke hannuna kamar ya ga ɗan ɗakinsu.

Kwana biyu ya yi a gidanmu. Mahaifiyata ta yi masa asida da kisra, tana ta tambayarsa garuruwan da ita kanta a bakin kakarta kawai ta ji su. Shi kuma dariya yake wa Hausarmu. "Yaya, ai rabin maganarku Larabci ce," in ji shi. Yana da mabiya da yawa a intanet, kullum sai ya saka musu hotunan tafiyarsa. Ranar da zai tashi ya ce bari ya fara leƙa Hawata, an ce masa akwai 'yan garinsu da suka zauna a bakin kogin Rahad. Muka ɗauki hoto a ƙofar gida. Har jallabiyar Sallah na saka, na tsuke tumbi. Da ya saka hoton, wuni na yi ina duba waya, ina neman waɗanda suka yabi karamcina.

Bayan kwana uku masu yankan riɗi suka tsinci gawarsa a gindin aduwa, kusa da hanya. Kekensa na jingine, jakarsa da wayarsa na nan, ba rauni a jikinsa. Zafin rana ya riga ya canja shi, likita ya ce ba zai iya faɗin sanadi ba. A Hawata aka binne shi.

Hotonmu shi ne na ƙarshe da ya saka.

Da farko addu'a ake ta yi. Daga nan kowa ya zama mai bincike. Wani ya ce maciji ne, wani ya ce 'yan fashi, wani ya rantse ɗan leƙen asiri ne aka kawar. Sai wani ya zagaye fuskata da jan layi ya rubuta, "Ku dubi idon mutumin nan da kyau." Wani da bai taɓa taka Sudan ba ya yi dogon bidiyo yana bayanin yadda aka zuba masa guba a abinci. 'Yan sanda sun kira ni, sun yi tambayoyinsu, suka ce, "Khalas, tafi gida." Wannan ba wanda ya yaɗa shi. Na rubuta bayani, aka ce mai gaskiya ba ya yawan magana. Na yi shiru, aka ce na amsa laifi.

Na ɓoye wa mahaifiyata, amma matan unguwa suka kai mata. Ta same ni a tsakar gida, ludayi a hannunta.

"Ya waladi, abincina suke nufi?"

Daga ranar har rasuwarta, in ta ajiye wa baƙo akushi, sai ta fara kai loma a gabansa kafin ta ce bismillah.

Wata safiya mahaifiyar saurayin ta kira ni a waya. Na ɗauka tsinuwa zan sha.

"Ɗana, ni ban san abin da suke rubutawa ba," ta ce. "Ka gaya mini kawai, an yi masa wanka? An fuskantar da shi alƙibla?"

"An yi, Inna. Da idona na gani."

Ƙarya na yi mata. Tsoron kada a ɗauki hotona a makabarta ya hana ni zuwa jana'izar.

Ba a yi wata guda ba mutane suka koma kan wani labarin. Ba wanda ya dawo ya ce ya yi kuskure. Sai bayan damina na iya zuwa Hawata. Ruwa ya daidaita ƙasar, ciyawa ta rufe ko'ina. Wani dattijo ya nuna mini kaburbura uku ya ce, "Cikin waɗannan ne, wallahi ban tuna wanne ba." Na tsaya na yi wa duka ukun addu'a.

Mutane kan tambaye ni darasin da na ɗauka. Gaskiya ban samu wani mai daɗin faɗa ba. Har yau ban san abin da ya kashe shi ba. Na dai san cewa duk mun yi magana a kansa, ni ma har da ni, amma ranar da aka sa shi a ƙasa, ba ko mutum ɗaya a wurin da ya san shi da rai.