Ranar da Indararon Abdulghani Ya Zuba

A duk unguwar Kurayyat ta birnin Jidda babu wanda ya kai Abdulghani kallon sama, kuma babu wanda ya kai shi yin kuskure a kanta. In ya ce gobe akwai ruwa, matan unguwa sukan yi wanki su shanya hankali kwance. Duk da haka ba a daina tambayarsa ba. A garin da ruwan sama ke leƙowa sau ɗaya ko biyu a lokacin sanyi, wata shekarar ma ya ƙi leƙowa sam, mutum yana son ya ji wani ya ce masa yana tafe.

A Jidda aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa don aikin hajji, ya sauke farali, ƙafar ta ƙi komawa. Abdulghani ya tashi saƙƙa, mai kai ruwa gida-gida. Garwa biyu a kan sanda, ya cika su a bazan, famfon unguwa, ya hau da su matakalar dogayen gidajen Balad, tsohon gari, har inda matar gida ta ajiye randarta. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta kamar tafin ƙafa. Zuwa farkon shekarun 1960 gwiwa ta fara yi masa gardama, ya rage hawa, sai gidajen ƙasa da ofisoshin unguwar Bagdadiyya da safe. Abin da ya samu a duniya ya zuba shi a ɗan gidan bulo a tsakiyar gidajen kwano, mai shimfiɗaɗɗen rufi da indararon ƙarfe guda ɗaya da ke kallon tsakar gida.

A kan rufin nan suke zama bayan la'asar, su uku. Akwai Abdulwahid tela, Bahaushen Sudan, wanda ba ya rabuwa da rediyonsa. Akwai Na'ibi, wanda ya taɓa yi wa masu aikin hanya girki a Tabuka, ya ga dusar ƙanƙara sau ɗaya da idonsa, tun daga nan bai warke ba. Duk ƙarshen sanyi yana sa ran ta biyo shi Jidda.

"An faɗa a rediyo ta sauka a Sham," in ji Na'ibi. "Daga Sham sai Tabuka, daga Tabuka sai nan. Hanya ɗaya ce."

"Ya shekh," in ji Abdulwahid, "ƙanƙarar da za ta iso Jidda sai dai a amalanken mai sayar da ita, a naɗe cikin buhu."

"Kai da ka fito daga inda ake gasa ƙwai a kan dutse, me ka sani?"

Abdulghani ba ya shiga musun. Shi ruwa yake jira. Yana da alamominsa: gwiwarsa, gishirin madafa in ya yi danshi, da aziyab, iskar kudu mai ɗanko da ke sa riga ta manne wa mutum. A sauran shekaru yakan faɗi alamomin da dariya, in sun ci amanarsa ya ce sun yi latti ne. A wannan shekarar ba ya dariya. Abokansa suka ɗauka tsufa ne.

Ba tsufa ba ne. Ƙaninsa Hamad ne.

Mahaifiyarsu, Inna Dela, ta bar musu doka ɗaya. Ranar da indararo ya zuba, duk 'ya'yanta su hallara a ci ma'adus, shinkafa da adas, wani ɗan ƙaramin wake, da busasshen kifi, a sha shayin da aka dafa da ruwan da aka tara. Cin ma'adus ranar ruwa al'adar garin ce, kowa na yi. Abin da ta ƙara nata shi ne: ba a gayyatar kowa, ba a tambayar wanda ya zo me ya kawo shi, ba a tada tsohuwar magana. Yayyafi ba ya cikin zancen. Sai indararo ya zuba har an cika butar shayi. Da ta rasu, tukunyarta da dokar suka dawo gidan Abdulghani.

Hamad direba ne a ofishin wani kamfani a Bagdadiyya, can ma yake zaune. Shi Abdulghani ne ya hana shi taɓa garwa tun yana ƙarami, ya kai shi wurin koyon mota. Wata safiya cikin zafin da ya wuce, Abdulghani ya biyo ta gaban ofishin da garwarsa, gumi har ƙugu, ya hango Hamad cikin farar riga tsaye da ma'aikata Larabawa. Ya ɗaga murya da Hausa: "Hamadu, ya mutanen gida?" Hamad ya juyo, ya dube shi, ya ce da Larabci, cikin ladabin da ake yi wa baƙon dattijo, "Allah ya ba da sa'a, ya ammi, yau ba ma buƙatar ruwa."

Da yamma Hamad ya zo ba da haƙuri. Abdulghani ya tare shi a bakin ƙofa, a gaban maƙwabta, ya ce wanda bai san shi a Bagdadiyya ba, kada ya san ƙofarsa a Kurayyat. Da a ce rantsuwa ya yi, da abin ya zo da sauƙi: ya yi kaffara a wuce wurin. Magana ce kawai ta babban wa a bainar jama'a, ita kuwa ba ta da kaffara.

Akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, ko kansa ma sai a kaikaice. Ba don gaisuwa ya ɗaga murya ran nan ba. Yana iya wucewa ya gaishe shi da ido. So ya yi ma'aikatan nan su ji cewa mai farar rigar ƙaninsa ne, shi ya yi shi. Ya je karɓar yabo, aka mai da shi mai tallan ruwa. Shi ya sa abin ya ƙi hucewa, shi ya sa kuma bai iya ɗora wa Hamad laifin duka.

Sanyi ya shigo, ya yi nisa, ko ɗigo. Matarsa Rahamatu ta dawo daga wani suna inda ta haɗu da Zaituna, matar Hamad. Ta zauna tana tsince adas ɗin da ta saya tun farkon sanyi.

"Abu Mastura," ta ce, da sunan 'yarsu ta fari take kiransa, "an ce za a mai da Hamad Dammam da zarar sanyi ya wuce."

"Wane Hamad?"

"Wanda kuka yi gadon taurin kai tare."

"Allah ya kai shi lafiya."

"Amin. Adas ɗin nan dai ƙwari sun fara shigarsa."

Dammam ɗaya gefen ƙasar ce. Wanda ya tafi can da gaba a tsakaninsa da ɗan'uwansa, sai dai a haɗu wurin ta'aziyya. Abdulghani ba zai aika ba, Hamad ba zai zo ba a aika ba. Ƙofa ɗaya ta rage wadda kowannensu zai iya bi ba tare da ya sunkuya ba, ita kuwa a hannun gajimare take.

Daga nan ya fara hawa rufi tun azahar. Ya share shi fes, ya zura sanda cikin indararo ya fitar da sheƙar tsuntsu. Kullum sai ya shiga madafa ya murza gishiri. Rahamatu ta ce in ya ƙara taɓa mata gishiri da hannun da ya taɓa indararo, shi zai yi girkin.

A ƙarshen sanyin aziyab ta taso, ta yi kwanaki tana lasar mutane. Ran nan bayan azahar sai ga baƙin gajimare daga wajen teku. Na'ibi ya hau rufi sanye da ƙatuwar rigar sanyinsa ta Tabuka, gumi na bin wuyansa.

"Yau ce," ya ce. "Ku dubi launinsa. Haka ya yi a Tabuka."

"Cire rigar nan kafin mu yi jana'iza," in ji Abdulwahid.

Ɗigon farko ya faɗi a bayan hannun Abdulghani. Wasu suka biyo, manya-manya, masu ɗumi. A ƙasa yara suka fara ihu, ya ji Rahamatu ta jawo babban kwano ta ajiye a ƙarƙashin indararo. Abdulwahid ya cusa rediyo cikin riga ya sauka a guje, Na'ibi ya bi shi don ya tsaya a fili inda dusar za ta same shi sosai.

Rufin ya yi ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Sai ruwan ya tsaya. Gajimaren ya karkata kudu ya yi tafiyarsa. Indararo ya tara ɗigo ɗaya a bakinsa, ya riƙe shi, ya saki. Shi ke nan.

Abdulghani ya tsaya shi kaɗai. A kusurwar rufin akwai garwar da yakan hau da ita don alwala, cike da ruwan bazan. Ya dube ta. Ya dubi rufin maƙwabta, ba kowa. Mutum ne da bai taɓa rage wa kowa mudun ruwa ba, ya kuma san Inna Dela ba ta son wasa da dokarta. Ya ɗauki garwar, ya durƙusa a kan gwiwar da ke ciwo, ya tuttule ta a hankali a bakin indararo, yadda ruwan zai sauka kamar na Allah.

Kwano ya yi ƙara a ƙasa, ƙarar ta yi kauri, ta koma ta ruwa a kan ruwa.

Da ya sauko, Rahamatu na tsaye a kan kwanon. Ta dubi sama, ta dubi gefen zanensa da ya jiƙe.

"Ikon Allah," ta ce. "Nan maƙwabta, gidan su Bashira, indararonsu ko tari bai yi ba."

"Gajimare ne. Yana zaɓe."

"Haka ne." Ta ɗauki kwanon. "Bari in hura wuta."

Sai da ƙanshin albasa ya tashi sannan wautar abin ta bayyana gare shi. Wa ya ruɗa? Hamad na Bagdadiyya, ba ya ganin indararon Kurayyat. Kuma shi da idonsa ya ga arewa tas take, gajimaren ko kusa da can bai je ba. Ya zubar da ruwan alwala, ya sa mace dafa tukunyar mutum goma, a kan ƙarya. Ya fita ya zauna a dakalin ƙofar gida, daidai inda ya tsaya ya yi maganar ran nan. Ƙasa ta riga ta shanye ɗigon da ta samu. Duk motar da ta yi ƙara daga nesa sai ya ƙi dubawa, sannan ya duba.

Rana ta yi ja lokacin da motar kamfanin ta shigo lungun tana tangaɗi. Hamad ya fito, Zaituna da yara a bayansa, ta wuce ciki da ƙullin busasshen kifi. Hularsa a jiƙe take, kafaɗun farar rigarsa ma haka. Abdulghani ya dubi motar. Ƙura ce a kanta lulluɓe, sumul, babu tabon ɗigo ko ɗaya.

"Salamu alaikum, Yaya," in ji Hamad, da Hausarsa mai nauyin Larabci. "Ruwa ya taɓa mu."

"Wa alaikumus salam. An yi a wajenku ke nan?"

"An yi. Shwayya, ɗan kaɗan."

Bai ce wallahi ba. Abdulghani ya lura, ya ji daɗin hakan. Ya dafa bango ya miƙe.

"Shigo, kada sanyi ya kama ka."

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Abdulwahid da Na'ibi suka biyo ƙanshi, kamar kowace shekara. Aka ci ma'adus har aka ga gindin faranti. Rahamatu ta turara kofunan shayi da ƙaron mastika fiye da yadda ta saba, ta aiko da buta.

Na'ibi ya kurɓa ya lumshe ido. "Shayin ruwan sama daban yake. Saura kaɗan yau ta zama ƙanƙara, na ji a jikina."

"Abin da ka ji a jikinka rigar Tabuka ce," in ji Abdulwahid.

Hamad ya kurɓa, ya riƙe a baki. Da ruwan garwar nan aka yaye shi, ba zai ɓace masa ba.

"Yaya, ruwan bana akwai ɗanɗanon ƙarfe."

"Indararon ne. Ya tsufa."

"Ni ma haka na ce." Ya miƙa kofi a ƙara masa. Ya ɗan juya shi a hannu. "Ranar tafiya daga gaban ofis za mu tashi. Mutanen wurin duk za su fito. Ina so ka zo."

"Da garwa ko ba garwa?"

Daga bayan labule Rahamatu ta yi gyaran murya. Dokar Inna Dela ba ta tashi aiki ba tukuna.

"Yadda ka ga dama, Yaya," in ji Hamad. "Ka dai yi mini magana da ƙarfi."

Abdulghani ya shanye shayinsa, ruwan bazan da mastika, bai taɓa shan mai daɗinsa ba. Abdulwahid ya ɗaga kai ya dubi sama ya tambaye shi, to gobe fa?

"Halas," in ji Abdulghani. "Ruwan bana ya ƙare. Ko ɗigo ba za a sake gani ba."

Rahamatu ta fito daga bayan labule ta fara kwashe shanya.