Gwaggo Azumi da Waken da Ba a Ba Surukai

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Azumi, mai sayar da wake a kasuwar Sokodé. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kanta a wannan shafi, sai in fasa, don na san da tana raye cewa za ta yi, "Rakiya, jarida ai ƙunshin ƙosai ce, ki rage tawada kada ki ɓata wa mutane abinci." To, yau dai na rubuta, masu ƙosai su yi haƙuri.

Gwaggo ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ban ga wanda ke raba duniya kashi-kashi kamarta ba. Masu tsayawa gaban kwanukanta kashi uku ne a wurinta: mai tambaya, mai taɓawa, da mai saye. Daga baya ta ƙara na huɗu, wato mai zuwa ya sha inuwar rumfarki ya ba ki labarin ciwon gwiwarsa. Tun mutum yana nesa take sanin kashinsa, kuma da wuya ta kauce.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni aikin bincike a kan irin waken da ake nomawa a ƙauyukan Dapaong da mutanen da ke noma shi. Idan aikin bai karɓu ba, sai in maimaita shekara, ga ƙannena biyu suna jiran in gama su samu shiga. Babana ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba. Gwaggo ta ce ai can take saro wake, za ta raka ni, kuma tana jin Moba, yaren mutanen yankin, daidai na ciniki, ita ce tafinta. Na yi murna, ban san abin da na ɗauko ba.

Na tafi da takardar tambayoyi da na yi makonni ina tsarawa, kowace tambaya da akwatunanta. Sana'a: manomi, ɗan kasuwa, mai aikin hannu, ma'aikaci, sai akwati na ƙarshe da aka rubuta wa "autre", wato sauran da ba su shiga ko'ina ba. Wake kuma fari, ja, mai dabbare-dabbare. Babba ko ƙarami. A idona ba abin da zai kuɓuce wa wannan takarda.

Mutum na farko da muka tambaya wani dattijo ne ɗan Gando. Na ce a tambaye shi sana'arsa. Suka yi ta magana da Gwaggo har na gaji da riƙe biro. Can ta juyo ta ce, "Ya ce da damina manomi ne, da kaka yana kai awaki Cinkassé, ranar kasuwa yana fawa, da asuba kuma shi ke kiran salla. Ya ce ki zaɓi wadda kika ga ta fi kyau da shi."

Na ce, "Gwaggo, ɗaya ake so."

Ta ce, "To sai ki dawo da damina, lokacin ɗaya ce."

Na saka shi a "autre". Haka na saka matar da ubanta Bamoshe ne, uwarta Moba, mijinta ɗan zango, ita kuma ta ce da Hausa take mafarki. Da na nuna wa wata tsohuwa farin wake na ce wane iri ne wannan, sai ta ce wanne daga ciki, don fari biyar ta sani. Kowa Gwaggo ta ja shi da hira, kowa ya fi ƙarfin akwatinsa. Da muka koma, akwatin "autre" ya cika ya batse, sauran kuwa kamar gidan da aka yi ƙaura.

Malamin da ke duba aikina ya juya takardun sau biyu, ya turo mini su. Ya ce, "Madmazel, wannan ba bincike ba ne, kin tara jama'a ne a ɗaki ɗaya kin rufe. Wata ɗaya na ba ki."

Na koma Sokodé ina kuka, na ɗora wa Gwaggo laifin duka. Na ce da ta fassara amsa a taƙaice da ban shiga wannan hali ba. Sai ta ɗebo wake daga kwanuka shida ta haɗe a faifai, ta ce in raba. Na raba da kala, na yi tsibi uku, na miƙa mata ina hura hanci. Ta sa yatsa ta tsaga farin gida biyu. Ta ce wannan kafin ki gama jajjage ya nuna, wancan kuwa sai ya cinye miki itacen mako. Ta ɗauki wani ja ta haɗa da wani fari, ta ce su biyun ne ƙwari ke jin tsoro, suna kaiwa bazara a buhu. Sannan ta ce, "Kama da wane ba ta wane. Ke da kika raba da kala, wa kika taɓa gani ya ci kala ya ƙoshi?"

Muka sake hawa mota zuwa Dapaong. Wannan karon na bar takardar a jaka. Muka riƙa shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mu zube wake, mu ce kowa ya raba yadda ya ga dama, ya faɗi dalili. Maza suka raba da lokacin nuna a gona da yawan harawar da dabbobi za su samu. Mata suka raba da tukunya: na ƙosai, na shinkafa da wake, na mai jego. A wani gida miji da mata suka kusa ɓatawa a kan ƙwaya ɗaya, shi yana turawa dama, ita tana mayarwa hagu. Ni dai ina ta rubutu, kaye, littafin rubutuna, ya cika na sayi wani.

Akwai tsibi guda da kusan kowace mace take warewa gefe tana rufe baki da gefen zane. Na tambayi sunansa. Gwaggo ta ce, fuskarta ba ko murmushi, "Wannan shi ne wanda ba a ba surukai. Yana da daɗi, amma bayan an ci shi ba a zaman ɗaki ɗaya da wanda ake jin nauyi." Kwana uku na yi ina neman yadda zan rubuta wannan da Faransancin da zai shiga littafin jami'a. Ranar kare aikin, wani farfesa mai furfura ya nemi in yi bayanin wannan kashi dalla-dalla. Na yi, ina kallon ƙasa. Ya ce ya gane, surukarsa ta taɓa ba shi. Aka ce na ci.

Malamina ya gaya mini cewa wannan hanya ta barin mutane su raba abu da hannunsu sananniya ce, tana cikin littattafan bincike. Da na faɗa wa Gwaggo sai ta ce, "Ashe su ma masu littafin suna dafa wake."

Yau ni ke koyar da ɗalibai yadda ake tsara bincike, a nan Dapaong, kuma sau da yawa ina tunanin me za ta ce da wannan zamani. Ɗalibaina suna zuba amsoshin mutane cikin na'ura, kafin su kurɓi shayi ta raba musu kashi-kashi. Na tabbata ba za ta yi faɗa da na'urar ba, tambaya za ta yi: wa ya koya mata, kuma ta taɓa hura wuta? Wayata ma da kanta take jera hotuna. Hoton Gwaggo guda ɗaya da nake da shi a kasuwa, tana zaune bayan kwanuka, wayar ta saka shi cikin hotunan abinci. Na so in gyara, sai na bari, don ina jin ba za ta ƙi wurin ba.

Kada a ɗauka ita ba ta kuskure. Lokacin da mijina ke zuwa zance, shekara biyu yana zarya, ta yanke hukunci cewa mai taɓawa ne, ba zai saya ba. Da aka ɗaura aure na tuna mata. Ba ta ce ta yi kuskure ba, sai ta buɗe sabon kashi: mai taɓawa har a tashi kasuwa sannan ya saya. Har ta rasu shi kaɗai ne a ciki.

Da labarin rasuwarta ya zo, na je ofishinmu neman izinin tafiya zaman makoki. Takardar ta ce a nuna dangantaka: uwa, uba, miji, ɗa, ɗan'uwa. A nan na tsaya. Gwaggo ba ƙanwar babana ba ce ta jini. Mahaifinta bafatake ne da ya sauka gidan kakata da ita tana ƙarama, ya ce zai dawo, bai dawo ba. Ma'aikacin ya ce to me za a rubuta. Na karɓi biro na zana akwati a ƙasan nasu, na rubuta "Gwaggo". Ya ce babu wannan a tsari. Na ce yanzu akwai. Ya dube ni, ya ga idona, ya buga hatimi.

Rumfarta yanzu wani ke sayar da rigunan waya a ciki, kwanukan an raba su, sunayen wasu irin waken ma sun fara ɓacewa daga bakin yara. Abin da ya saura shi ne ɗabi'ar da ta bar mini: ba na hana ɗalibi zana akwati, don ba a tunani sai da rarrabawa, amma ba na barinsa ya zana kafin ya zauna a tabarma ya ji yadda masu abin ke kiran abinsu. Allah ya jiƙan Gwaggo Azumi. An ce ranar hisabi ma kashi-kashi za a yi mutane. Allah ya sa ta cikin waɗanda za su wuce ba a yi musu tambaya ko ɗaya ba, don in aka fara, amsarta ba gajera ba ce.